Ƙorafin Tafinta

Mu uku aka haɗa a aikin kammala karatu, kuma mu kaɗai ne Hausawa a ajinmu a wannan jami'a ta kudu. Saura kwana biyu a miƙa aiki, manhajar da muka kwashe wata huɗu muna rubutawa da harshen C ta ƙi ginuwa. Wanda bai miƙa ba sai baɗi, alhali iyayenmu sun riga sun fara ƙirga kwanakin dawowarmu.

Ga wanda bai san harkar ba, inji ba ya jin abin da ɗan'adam ya rubuta sai ta bakin tafinta. Namu tafintan shi ne gcc, wanda Richard Stallman ya fitar a 1987, kuma bai iya kara ba. Da mun buga make sai ƙorafi ya ɓalle a allo kamar an fasa madatsar ruwa, na sama ya shige kafin ido ya kama shi. Layukan ƙarshe kawai muke gani, su muka yi ta gyara har tsakar dare. Ashe mun bar jaki muna dukan taiki.

Sai muka ce bari mu tara ƙorafin a fayil, mu karanta a tsanake. Muka sa alamar > muka ba fayil suna. Da muka buɗe shi, umarnin da make ya bayar ne kaɗai a ciki, ƙorafi kuwa ya sake tsiyayewa ta allo. A nan ɗayanmu ya fara zancen sammu, kuma ba da wasa yake yi ba.

Dattijon da ke kula da ɗakin kwamfuta, wanda kullum muke ɗauka aikinsa kulle ƙofa ne, shi ya matso.

"'Ya'yana, magudana biyu ce," in ji shi. "Kun tare ɗaya kun bar ɗaya."

Ya bayyana mana cewa a tsarin Unix, wanda aka faro a Bell Labs a 1969, sakamako yana fita ta magudana mai lamba 1, ƙorafi ta mai lamba 2, alamar da muka sa kuwa ta farkon kaɗai take karkatarwa. Ya buga make 2>&1 | tee rahoto.txt. Wato a zuba ta biyu cikin ta farko, tee kuma, mai sunan mahaɗar bututun famfo, ya raba ruwan tsakanin allo da fayil.

"Baba, daga ina za mu fara?"

"Daga sama."

Ƙorafin farko ya nuna wani ƙaramin fayil da ba mu taɓa zarginsa ba. Baka guda ce, }, muka buɗe ba mu rufe ba, duk sauran ƙorafin 'ya'yanta ne. Muka saka ta. Manhaja ta ginu ana kiran assalatu, Baba kuwa ya riga ya koma kujerarsa yana gyangyaɗi.