Ruwa da 'Yan Rakiyarsa

A Amurka, masu ƙwallon da ake runguma a ruga da ita sun daɗe suna gardama: shin ya halatta abokan wasa su ingiza mai ƙwallo ta baya har ya ƙetare layi? A 2025 ƙungiyoyi 22 cikin 32 suka nemi a haramta dabarar, alhali sai 24 sun yarda, saboda haka ta tsira.

Ni kam langar da muka yi a Zangon Agege ta ishe ni hujja. 'Yan rakiya kan share wa ruwa hanya, su tare abokan karawa, amma da ƙafarsa ɗaya zai je ya sha. Wanda duk ya ingiza shi, kayar da shi zai yi. Da wannan idon nake duban uban da ke saya wa ɗansa amsar jarrabawa.