Ɗakin da ba ya kallon teku

Mu huɗu muka sauka Iskandariya daga Alkahira lokacin hutu, kuɗinmu a ƙirge. Tun a tashar jirgin ƙasa gardama ta kaure: biyu na son ɗaki mai kallon Bahar Rum, biyu na cewa ai teku kyauta ne, mu taka mu gan shi. Da muka ji kuɗin masaukan bakin ruwa, kowa ya yi tsit. Muka kama ɗaki can cikin lungu, tagarsa na kallon shanyar maƙwabta.

Rarar kuɗin ce ta shigar da mu ganuwar Kaitbai, wadda aka fara ginawa a 1477 a gurbin tsohuwar hasumiyar da ke haska wa jiragen ruwa hanya, da katafaren ɗakin karatun da aka buɗe a 2002. Har gasasshen kifi muka ci, sau ɗaya dai.