Yaranmu Masu Kaifin Basira Da Hanyar Zuwa Suleja

 Akwai tambayar da iyaye suka fi yi mini tun da na karɓi aikin sakatare, ita ce: yaron da malamai suka ce yana da ƙwaƙwalwa, ina za a kai shi? Na ga ya dace in rubuta abin da na sani a nan, domin amsar da nake bayarwa a tsaye bakin hanya ba ta wadatarwa.

Gwamnatin tarayya tana da makaranta ta musamman domin yara masu hazaƙa, tana Suleja a jihar Neja. Tunanin kafa ta ya taso ne a zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, lokacin da Farfesa Jibril Aminu yake ministan ilimi. Makarantar kwana ce, maza da mata, kuma gwamnati ce ke ɗaukar nauyin karatun wanda ya samu shiga. Ba a shiga da takardar wani babba, jarrabawa ake zaunawa, kuma hukumar NECO mai hedikwata a Minna ce take shirya ta. Wannan jarrabawa daban take da kwaman entiras ɗin da aka saba, wadda ita ma NECO ke shiryawa domin shiga makarantun haɗaka na tarayya, irin su kwalejin tarayya ta Malali a Kaduna, da ta 'yan mata a Zariya, da kwalejin kimiyya da fasaha da ke nan Kafanchan. Rajistar kowace daban, ranar zamanta daban. Iyaye da yawa suna yi wa yaro rajistar ɗaya su ɗauka sun gama biyu.

Abu na farko da yake kayar da yaranmu tun kafin su ga takardar tambaya shi ne shekaru. Ta Suleja tana da iyakar shekarun da yaro ba zai wuce ba, ana faɗinta a sanarwar kowace shekara, kuma dole ya kasance ɗan aji shida na firamare. To mu nan yaro sai ya kai bakwai ko takwas kafin a sa shi aji ɗaya. Wani kuma rikici ya tayar da ƙauyensu ya yi shekara guda a gida, wani an tura shi wurin kaka ya taya ta noma. Kafin ya kai aji shida ya haura iyakar, komai ƙwaƙwalwarsa. Ga kuma maganar takardar haihuwa. Ofishin hukumar ƙidaya ta ƙasa ne yake bayarwa, amma mafi yawanmu ba ma nema sai ranar da aka tambaya, daga nan a fara kame-kame, a rubuta wata shekara a rajista, wata daban a takardar makaranta. Na ga yaron da wannan saɓani kaɗai ya hana shi.

Sai ita kanta jarrabawar. Akwai lissafi, akwai Turanci, akwai kimiyya ta matakin firamare, waɗannan kowa ya san da su. Inda gizo ke saƙar shi ne ɓangaren gwajin basira, na lambobi da na kalmomi. Za a zana wa yaro akwatuna uku da lambobi a ciki, a bar na huɗu babu komai, a ce ya gano ƙa'idar da ta haɗa su. Ko a jero kalmomi biyar a ce ya fitar da wadda ba 'yar gidan ba ce. An ce wai irin wannan tambaya tana auna baiwar da aka haifi yaro da ita. Ni dai ban yarda da wannan ɗari bisa ɗari ba. Yaron makarantar kuɗi a Kaduna ko Abuja tun yana aji biyu yake da littafin irin waɗannan tambayoyi, kowane mako yana yi. Namu kuwa ranar jarrabawa ce ranar da zai fara ganin akwatunan. Su biyun ba daga layi ɗaya suka tashi ba.

Akwai wata yarinya a unguwarmu, mahaifiyarta tana sayar da citta. Ranar kasuwa ita ce mai lissafi. Mudu kaza a farashi kaza, a cire kuɗin mai ɗauko kaya, a cire bashin makon jiya, duk a ka take yi, kafin mai saye ya gama danna wayarsa ta ba shi amsa. Na taɓa ba ta tsohuwar takardar tambayoyi in gani. Duk inda lambobi ne zalla ta cinye. Inda aka naɗe lissafin cikin dogon Turanci sai ta tsaya tana kallona. Da na karanta mata tambayar da Hausa, ban rufe baki ba ta amsa. Turancin ne ya tare ta. Haka kuma ba ta taɓa cike takardar amsa irin wadda ake shafa ɗan da'ira da fensir ba, alhali inji ne yake duba ta, idan ka tsallake layi ɗaya duk na ƙasa sun karkace.

Wani zai ce ai akwai kason jihohi. Haka ne, a makarantun haɗaka ana raba gurabe kashi 60 bisa cancanta, kashi 30 daidai tsakanin jihohi, kashi 10 kuma na larura. Amma kason jihar Kaduna na duk jihar ne. Ɗan Gidan Waya ko Godogodo yana takara ne da ɗan Unguwar Rimi da ɗan Barnawa, ba wanda zai ware masa kujera don ya fito daga ƙaramar hukumar Jama'a.

Wasu jihohi ba su tsaya jiran Suleja ba. Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa tun 1977, ana tace ɗalibai da jarrabawa, kuma likitoci da injiniyoyi da dama na Arewa daga can suka fito. Jigawa ta gina makarantar masu hazaƙa a Bamaina zamanin Sule Lamido. Abin da ya ba ni sha'awa da tsarin Kano shi ne ba ɗan firamare ake tacewa ba, sai yaro ya ɗan yi nisa a sakandare. Wanda ya makara wajen fara boko yana da sauran dama. Ga yara irin namu wannan ya fi adalci, a ganina.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, muna zaune kusa da rijiya muna kukan ƙishi. Kwalejin horon malamai ta jihar Kaduna tana nan cikin garinmu, ɗalibanta kowace shekara suna fita koyon aikin koyarwa. Cikinsu akwai 'ya'yan mambobinmu. Idan mutum biyar daga cikinsu suka ba mu awa biyu kowace Asabar, yaran aji biyar da shida za su saba da tambayoyin gwajin basira, su saba da karanta tambaya da Turanci, su saba da shafa takardar amsa cikin lokaci. Tsofaffin tambayoyin ana sayar da su a shagunan littattafai a Kafanchan, kwafi ɗaya ya isa a buga wa kowa. Tun daga aji biyar ya kamata a fara, domin wanda aka fara da shi wata guda kafin jarrabawa firgita shi kawai za a yi.

Kuma kada mu bar zaɓen yara a hannun sakamakon aji kaɗai. Wanda yake zuwa na ɗaya sau da yawa shi ne mai natsuwa da kyakkyawan rubutu. Mai baiwar gaske wani lokaci shi ne wanda ya ishi malami da tambaya, ko ya gama aiki da wuri ya koma tsokanar na kusa da shi. A tambayi malamin aji, a tambayi malamin Islamiyya ko na coci, a tambayi uwa.

Na sa wannan magana cikin ajandar taronmu na wata mai zuwa. Abin da zan nema shi ne amincewar mambobi a cire kuɗin rajistar yara goma daga asusun ilimi, rabi mata, a kuma naɗa mutum biyu da za su riƙa bibiyar shafin NECO domin mu san ranar buɗe rajista da ranar rufewa. Duk mai yaro a aji biyar ko shida ya zo da takardar haihuwarsa da sakamakonsa na zangon da ya wuce. Wanda ba shi da takardar haihuwa ya sanar da ni kafin ranar taro, mu haɗa su gaba ɗaya mu je Kafanchan rana guda.