Robar ruwan zafi mai caji da na saya wa kakata

1/ Hunturu ya kankama, na kuma ga masu sayar da kaya a intanet sun fara tallan robar ruwan zafi mai caji, wai ka saya wa tsohonka. Kafin ku tura kuɗi, ku ji abin da ya sami kakata a Kangire bara. Laifina ne, shi ya sa na daɗe ban ba da labarin ba. 🧵

2/ Inna muke ce mata. Ita ta haifi Baba. Ta haura 70, tana da ciwon suga da ciwon gwiwa. Ni kuma "Maigida" take ce min, irin wasan kaka da jika. Duk sanda na dawo hutu daga jami'a a Dutse, kafin na ajiye jaka za ta ce, "Maigida, ina cefane?"

3/ Wanda ya san ƙasar Birnin Kudu da Gwaram ya san sanyin Disamba da Janairu. Da rana hazo da ƙura, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi. Daga ƙarfe ukun dare zuwa asuba kuwa, sanyin har cikin ƙashi. Mu matasa mu ƙudundune mu yi ta minshari. Tsoho idonsa biyu.

4/ Ba raki ba ne. Jikin tsoho ba ya riƙe ɗumi kamar namu: kitsen ƙarƙashin fata ya ragu, jini ba ya isa hannu da ƙafa sosai. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ɗumin ɗaki ya gaza digiri 18 lokacin sanyi, ta ce tsofaffi ma kan buƙaci fiye da haka. Mu nan daren Janairu kan sauka ƙasa da 15.

5/ Maganin Inna tun tana amarya shi ne kasko. Bayan isha'i a zuba garwashi, a ƙara gawayi, a kai ɗaki. A tsohon ɗakinta mai jinka iska na shiga tana fita. Sai Baba ya gina mata na bulo da kwano, da ƙofar ƙarfe. Ɗakin ya fi kyau, ya fi sanyi, ya kuma fi rufuwa ruf. Taga ma tsumma take cusa mata.

6/ Wata asuba Inna ba ta fito alwala ba. Matar da ke riga ladan tashi. Umma ta buga ƙofa, shiru. Da aka tura, ga ta zaune bakin gado ta dafe kai, ta kasa miƙewa. Autarmu mai shekara 9 da ke kwana wurinta tana ta amai.

7/ Nan fa gida ya rikice. Wannan ta ce zazzaɓi ne, waccan ta ce iska ce. Goggo har ta tafi ɗebo garwashi za ta yi musu hayaƙi! Allah Ya taimake mu da maƙwabcinmu ma'aikacin lafiya. Yana leƙa ɗakin ya ce, "Da gawayi suka kwana? Ku fito da su waje yanzu, a nemo mota."

8/ Abin da ya kama su iskar kabon monoksaid ce. Gawayi ke fitar da ita idan yana ci a wurin da iska ba ta wadata ba. Ba ta da wari, ba ta da launi. Tana maƙale wa jini fiye da iskar oksijin sau 200 da ɗoriya. Mutum ya fara da ciwon kai, jiri, amai, ruɗewa. Mai barci kuwa sai dai ya zarce.

9/ Ku lura da kuskuren da kusan kowa ke yi a gidajenmu. Ana cewa, "Ai garwashin ya ruru, hayaƙin ya ƙare, a shiga da shi." Wallahi jan garwashin da ba ya hayaƙi yana fitar da ita. Haka janareta kusa da taga, haka risho ko gas a rufaffen ɗaki. Idan mutum biyu a ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai tare, ku zargi wuta.

10/ Allah Ya yi da sauran kwana, suka warware. Baba ya kafa doka: ba kasko a ɗaki. Kwana uku Inna ba ta runtsa ba, gwiwa na zogi, ga tari. Ta kira ni ta ce, "Maigida, kun raba ni da wutata. To me kuka ba ni?" Ba ni da amsa.

11/ A nan ɗan boko ya motsa. Alawus ɗina na NELFUND, naira 20,000, ya shigo a makon. Na hau mota zuwa Kano, na sayo robar ruwan zafi mai caji, mai riga mai gashi-gashi. Mai shago ya ce caji minti goma, ɗumi har safe. Abu biyu kawai na tambaya: nawa ne, akwai wata kala?

12/ Daren farko sai godiya. Inna ta yi barci har da makara. Ta ce wa duk wanda ya shigo gaisuwa, "Maigidana ya yi cefane." Ni kuwa kai ya kumbura, har hoto na ɗauka na ɗora a WhatsApp. Ranar da ba wuta na kai wa mai cajin waya ya sa min a janareta.

13/ Dare na huɗu ta ga kamar ɗumin bai isa ƙafarta ba. Ta zare rigar, ta ɗora dugaduganta kan tsurar robar, ta ja bargo, barci ya ɗauke ta. Ban taɓa ce mata kada ta yi haka ba, don ni ma ban sani ba.

14/ Da safe Auta ce ta gani. Diddigen hagu ya yi bororo, faɗin murfin kwalba, gefensa ja. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne maganar Inna: "Ni fa ban ji komai ba." Ko da muka taɓa wurin ba ta motsa ba.

15/ Muka tafi asibitin FMC na Birnin Kudu. Likita ya ce ta rufe ido, ya riƙa taɓa tafin ƙafarta da wani siririn abu kamar zaren kamun kifi. Wurare da yawa ba ta ji ba. Ya ce suga idan ya daɗe yana lalata jijiyoyin da ke kai saƙon zafi. Ƙafar na ƙuna, ƙwaƙwalwa ba ta da labari.

16/ Na ce masa ai robar ba ta tafasa ba, ni ma na rungume ta. Ya ce ba sai abu ya tafasa yake ƙonawa ba. Da na koma na bincika: tun 1947 wasu masana biyu a Harvard, Moritz da Henriques, suka nuna cewa digiri 44 kacal yana ƙona fata idan ya kai kusan awa 6 manne da ita. Awa 6 ai barcin dare ɗaya ne.

17/ Sati bakwai ana wankin ciwo. Kuɗin mota da magani ya ninka kuɗin robar ban san sau nawa ba. Kuma duk mai tsoho da suga ya san fargabar: ƙaramin ciwo a ƙafa shi ke kaiwa ga yanke ta. Na koma makaranta ina zaune a aji, hankalina na kan diddigen Inna.

18/ Baba bai yi min faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Niyyarka mai kyau ce, amma matambayi ba ya ɓata." To ga tambayoyin da ya kamata na yi, na tattaro muku su.

19/ Ta farko: wa zai yi amfani da ita? Mai ciwon suga, mai shanyewar ɓarin jiki, tsohon da ya fara ruɗewa, mai shan maganin barci, da jariri, duk kada a manna musu robar zafi a jiki, mai caji ce ko ta zuba ruwa. Ba za su ji ba, ko su ji su kasa turewa.

20/ Ta biyu: wace iri ce? Masu cajin kashi biyu ne. Akwai mai ƙarafa biyu tsirara a cikin ruwan, wuta na ratsa ruwan kai tsaye. Ita ce ke kumbura ta fashe. Ƙasar Sin, inda ake ƙera yawancinsu, ta hana irin wannan a ƙa'idarta ta 2009. Ɗayar kuwa wayar ɗumamawar a lulluɓe take, ba ta haɗuwa da ruwan.

21/ Yadda za ka bambance a shago: tana sanyi, ba a jone ba, ka matsa ta da hannu. Idan ka ji guntayen sanduna biyu masu tauri, ajiye ta ka yi gaba. Idan ka ji abu mai lanƙwasa ko faffaɗan zagaye kamar raga, ita ce mai dama-dama. Da na matsa tawa daga baya, sanduna biyu na ji. Allah ne Ya tsare ba ta fashe ba.

22/ Ka duba kwali: 220 zuwa 240V, sunan kamfani da adireshi, da takardar bayani. Kayan lantarkin da ake shigowa da su Najeriya ana bukatar su bi tantancewar SONCAP ta hukumar SON, don haka tambayar ba rashin kunya ba ce. Ka sa a yi caji a gabanka, ka ga ta kashe kanta da kanta.

23/ Wajen caji: a shimfiɗe a ƙasa, nesa da mutane, ba a kan katifa ba, ba a rungume ba. Tana cika a zare. Sannan halin nan namu na barin abu a soket "ko za a kawo wuta cikin dare", kada a yi shi da wannan sam. Ta kumbura, ta fara yoyo, ko tana warin ƙonewa? Jefar da ita.

24/ Gaskiya a garin da wuta sai an ga dama, robar da ake zuba wa ruwa ta fi min kwanciyar hankali. Nemi mai rubutun BS 1970, ƙa'idar Ingila ce. Akwai ɗan zanen fure a jikinta: lambar tsakiya ita ce shekarar da aka yi ta, ganyayyaki 12 watanni ne. Ta kai shekara biyu a canza, balle ga zafin bazararmu da ke cin roba.

25/ Kada a zuba tafasasshen ruwa, a bari ya ɗan huce. A cika kashi biyu cikin uku, a matse iskar a hankali, a ɗaure murfi tam, a kifa ta a ga ko tana ɗiga. A sa mata riga ko a naɗe da tawul. Kada a zauna ko a kwanta a kanta. Da safe a zubar, a rataye ta a kife a inuwa.

26/ Dokar gidanmu yanzu: shimfiɗa ake ɗumamawa. Ana sa robar cikin bargo minti 20 zuwa 30 kafin Inna ta kwanta, a cire ta gaba ɗaya, wani ya shafa wurin da hannu, sannan ta hau. Da na yi mata bayani dariya ta yi. Ta ce ai gadon ƙasar da ake hura wa wuta a ƙarƙashi sun san shi tun kafin a haifi ubana.

27/ Abin kunyar, abubuwan da suka fi yi mata amfani ba su kai rabin kuɗin robar ba. Safa mai kauri wadda ba ta matse ƙafa, hular sanyi, riguna biyu marasa nauyi maimakon ɗaya jibgegiya, duk daga 'yan gwanjon Ƙofar Wambai. Bargo ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama. Labule mai kauri a ƙofar ƙarfen.

28/ Ruwan alwala da na wanka wani ke surka mata, ya gwada da gwiwar hannunsa, don ƙafarta ba abin dogaro ba ce. Shayin citta ba suga kafin kwanciya. Kullum da yamma Auta ta duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, ta shafa man kaɗanya a diddige.

29/ Kaskon fa? Ba mu raba ta da shi kwata-kwata ba, don ba zai yiwu ba. Ana hura shi a tsakar gida, a yi hira ana gasa gyaɗa, ita tana ɗan nesa da safarta. Lokacin kwanciya a kashe shi da ruwa a waje. Bakin ƙofa iyakarsa.

30/ In tsautsayi ya faɗa aka ƙone: ruwa mai tsabta, mai ɗan sanyi, a yi ta kwararawa minti 20. Ban da ƙanƙara, man goge baki, ɗanyen ƙwai, manja ko baƙin mai. Kada a fasa bororon. A rufe da tsabtataccen ƙyalle. Mai suga kuwa asibiti a ranar, komai ƙanƙantar ƙunar.

31/ Mu da muke makaranta muna son mu koma gida da abin da za a ce "ɗan jami'a ne ya kawo". Ni dai na kawo, na juya na bar tsohuwa da abin da ba ta sani ba. In za ka saya wa tsohonka, ka fara sanin wa zai cika, wa zai cire, wa zai duba ƙafar da safe. In babu, ka saya masa safa da bargo.

32/ Ƙafar ta warke, sai ɗan tabo, alhamdulillahi. Jiya na kira gida, aka ba ta wayar. Ta ce, "Maigida, bana kada ka wahalar da kanka. Safa biyu da goro sun isa." Na ce an gama, Inna.

33/ Ku tura wa wanda kuka san tsohonsa na kwana da kasko. Ku kira gida yau ku tambaya da me ake jin ɗumi. Allah Ya ƙara wa iyayenmu da kakanninmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu. Amin.