Yoga da Jarin da Jiki Ya Riga Ya Mallaka

Aikin nazari yana horar da ido ga neman giɓi. Muna karanta ayyukan magabata domin gano abin da suka bari, mu ɗora namu a kansa. Wannan ɗabi'a tana da amfani a ɗakin karatu, amma idan aka juya ta ga jiki sai mutum ya riƙa ganin kansa a matsayin tarin naƙasu. A ganina, shi ya sa wasu ke fara yoga da ɗoki, su watsar kafin wata ya cika.

Yoga ta samo asali ne daga falsafar addinan Indiya, sai dai abin da ya shafe ni a nan shi ne fannin jiki da numfashi. A littafin Yoga Sutra, Patanjali ya kasa ta rassa takwas. Daidaita zaman jiki, wato asana, reshe ɗaya ne kawai, kuma jimloli uku ya ba shi cikin kusan 200. Sarrafa numfashi da tattara hankali kowanne reshe ne mai zaman kansa. Ke nan lanƙwasa jiki, wanda ke cika hotuna duk ranar 21 ga Yuni tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa yoga ranar a 2014, ƙaramin yanki ne na lamarin.

Tarihin yoga ta zamani ma ya nuna haka. Krishnamacharya ya koyar a birnin Maisur a shekarun 1930, almajiransa kuma suka rarrabu. Pattabhi Jois ya riƙe salo mai sauri da buƙatar kuzari. Iyengar, wanda aka haifa a 1918, ya tashi cikin yawan rashin lafiya, ya kuma gina tafarkinsa a kan daidaiton gaɓoɓi da taimakon ɗamara, bargo da guntun katako. Desikachar, ɗan malamin, ya fifita tsara darasi gwargwadon halin kowane ɗalibi. Malami ɗaya, hanyoyi uku. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ni ciwon baya ne ya kai ni, sakamakon dogon zama lokacin rubuta kundin digiri na biyu. Idan na sunkuya, yatsuna ba sa wuce ƙwauri. Amma ina da jari biyu. Na tashi da zaman tabarma da tsuguno, don haka tsugunon da ake kira malasana, wanda ke wahalar da waɗanda suka girma a kan kujera, hutu ne a wurina. Sannan ina da dogon numfashi. A kansu na tsara minti ashirin na kowace safiya: biyar na numfashi, goma na tsuguno da tsayuwa, sauran kuma na sunkuyo, da gwiwa a ɗan lanƙwashe. Bayan wata shida baya ya lafa, yatsu suka kai idon sawu.

Dalilai biyu nake gani. Na farko, abin da mutum ya iya shi ne ke dawo da shi kan shimfiɗa gobe, jijiyoyi kuwa maimaici ne ke sassauta su. Na biyu, wani abin da muke kira rauni ƙirar ƙashi ce. Zurfin gurbin ƙashin ƙugu ya bambanta tsakanin mutane, kuma babu miƙewar da za ta sauya shi. Mai tilasta wa ƙugu zaman da bai dace da ƙirarsa ba, gwiwarsa ce ke biyan bashin.

Akwai iyaka, duk da haka. Mai laushin gaɓoɓi da ya ci gaba da lanƙwasa su don yana jin daɗin hakan zai iya jikkata su. Laushin nasa dama ce ta shiga kowane zama cikin sauƙi, ya tsaya a ciki har tsoka ta yi ƙarfi. Saboda haka tambayar da ta kamata mai farawa ya yi wa kansa ita ce: me jikina ya riga ya iya, kuma ina zai iya kai ni daga nan?