Babi Na Biyu da Jan Biro

Ranar da na miƙa bitar ayyukan da suka gabata ta kundina, ina ji da kaina. Shafi talatin na cika da "wane ya ce, wance ta ce". Malamina ya dawo mini da babin ɗauke da tambaya guda da jan biro: "Wa ya saɓa wa wa?"

Da na koma na duba, ashe na jera Parsons, wanda ya kasa aikatau na Hausa rukuni bakwai a 1960, kusa da Newman, wanda ya ƙalubalanci wannan rabo a 1973, tamkar bakinsu ɗaya. Sunaye da shekaru na kwafa, gardamar ta wuce ni. Wata biyu cur na yi ina sake babin, kuma a cikin saɓanin nasu na samo hujjar ci gaba da bincikena.