Hoto Takwas A Tashar Kafanchan

Bara da hunturu na tafi Kafanchan gaishe da kawuna, wanda ya yi shekara talatin da 'yan kai yana aikin Reluwe, tsufa kuwa ya fara kwantar da shi. Ran nan ina zaga kasuwa sai na tarar da wani dattijo, tsohon mai ɗaukar hoto, ya baza tarkacen sana'arsa yana neman mai saye. A cikinsu akwai wata kyamara ta Kodak, irin wadda ake naɗewa ta koma kamar littafi. In ka danna maɓalli sai ƙofarta ta buɗe, idonta ya fito a bakin wata baƙar fata mai kama da zugazugin maƙeri.

Muka yi ciniki, na biya. Sa'an nan ne ya dube ni ya ce, "Yaro, doki dai ka saya, amma ciyawarsa ta ƙare a duniya."

Gaskiya ya faɗa. Fim ɗin da take ci shi ne mai lamba 620, wanda Kodak ta fito da shi a farkon shekarun 1930, ta daina yinsa a 1995. Amma da ya ga raina ya ɓaci sai ya koya mini dabara. Ashe akwai wani fim mai lamba 120, wanda ya girme shi, don tun 1901 ake yinsa, har yau kuwa ba a daina ba. Faɗinsu ɗaya, bambancin yana ga kwarkwaron da ake naɗe su, watau na 620 ya fi siriri. Saboda haka sai a warware wancan a naɗe shi a kan wannan, cikin duhu ƙirin, gama ko ƙyallin ashana ya taɓa shi ya lalace. Kwarkwaro biyu ake bukata. Ɗaya na cikin kyamarar, ɗayan kuwa sai da ya zazzage wani gwangwani kafin ya samo mini.

Na aika Legas aka kawo mini fim. Da tsakar dare na shige ƙarƙashin bargo, ina lalube ina gumi, har na gama naɗi. Wanda ya gan ni a wannan hali cewa zai yi tsafi nake yi.

Hoto takwas kaɗai naɗin ke ɗauka. Da Kawu ya ga kyamarar sai ya tashi zaune, ya ce da irinta aka ɗauke su ran da aka ba su aiki, kuma in dai da ita ne, to, a kai shi tasha. Kafanchan fa dogo ne ya raya ta, tun da layin Fatakwal da na Kaduna da na Jos suka haɗu a nan a 1927. Nan ya fara zuba kwal ɗin Inugu a cikin jirgi, kafin ya zama direba.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, na sha ɗaukarsa da waya, bai taɓa ko gyara zama ba. Ran nan kuwa sai da ya sa aka ɗauko masa babbar riga, ya karya hula, ya miƙa wa jikansa sandarsa, ya tsaya da ƙafafunsa a bakin dogo.

Ya ce, "Kada ka ɓata fim, ɗana."

Na ce, "In Allah ya yarda, Kawu."

Na kuwa ɓata. Kyamarar ba ta auna nisa ko haske, sai kintace. Sau ɗaya na manta ban murɗa ba har sabuwar lamba ta fito a jar tagar da ke bayanta, hoto ya hau kan hoto. Fatar kuma ashe ta huje a kusurwa, haske ya shiga ya ci waɗansu. Da aka wanko a Legas, biyu kaɗai suka yi kyau.

Na kai masa su da bazara. Ya daɗe yana duban guda, sa'an nan ya ce ciyawa ta yi yawa a kan dogon, a zamaninsu da an kori wani. Da damina ta yi tsaka Allah ya yi masa rasuwa. Ran sadakar uku 'ya'yansa bakwai kowa ya ce shi za a ba hoton, sai na ɗauko dodon na sake aikawa Legas a wanko bakwai.